Kwana Tara a Bukkar Kirgizawa: Abin da Makaranta Ta Ba Su da Abin da Ta Karɓe



Wani malamin lakwal ne ya jawo wannan rubutu. Ya zo gaishe ni riƙe da takardar tutocin ƙasashen duniya, irin wadda ake mannawa a bangon aji. Ya nuna mini wata jar tuta mai rana a tsakiya, ya ce yara sun tambaye shi ko ƙwallo ce aka zana cikin ranar, shi kuwa ya rasa amsa. Na ce masa tutar Kirgistan ce, abin da ke cikin ranar kuma ƙololuwar ɗaki ce: abin da makiyayin ƙasar ke gani in ya kwanta rigingine cikin bukkarsa ya ɗaga ido sama. Na sani, don na yi kwana tara ina kallonta.

Ina cikin ƴan Nijar da aka tura karatu Tarayyar Sobiyet a shekarun 1980. Fannin kiwon dabbobi na karanta, ɗakinmu ɗaya da wani Bakirgize, ɗan makiyaya. Bayan karatu kowa ya kama gabansa. Sai bayan shekara talatin da ɗoriya muka sake jin muryar juna ta waya, ya matsa lamba sai na zo na ga mahaifiyarsa tun tana da rai. Na tafi a watan Yuli.

Kirgistan tana tsakiyar Asiya, tsakanin Sin, Kazakistan, Uzbekistan da Tajikistan. Ba ta da teku, kamar mu. Nijar ta ninka ta sau shida a faɗi. Mutanenta kimanin miliyan 7 ne, yawancinsu Musulmi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar duwatsu ne. Daga Bishkek, babban birni, muka yi yini guda a mota muna hawa, muka ƙetare mashigin dutse da ya haura mita 3,400, sannan muka gangaro bakin tafkin Son-Kul a yankin Narin. Tafkin kansa yana bisa mita 3,000 da ƴan kai. Mai son kwatance ya tuna ƙololuwar dutsen Bagzan a Ayar ba ta wuce mita 2,022 ba. Kwana biyun farko kaina kamar zai tsage, in na yi taku ashirin sai na tsaya ina haki. Babu itace ko ɗaya a wurin, sai ciyawa shar har iyakar gani, dawaki garke-garke, da fararen bukkoki a warwatse. Wata safiya muka tashi muka iske ƙanƙara ta rufe ciyawa, alhali a Maraɗi lokacin ana noman farko.

Ɗakin da ba ƙusa

Suna kiran bukkar boz-ui, wato ɗaki mai launin toka. A kwana na uku aka kafa wata sabuwa saboda baƙi, na samu na ga yadda ake yi tun daga tushe. Ana fara tsayar da ƙyaure. Sai a buɗe kerege, sandunan da aka gitta aka ɗaure mahaɗarsu da tsirkiyar fata, masu buɗewa da rufewa kamar almakashi, a zagaya da su su zama bango. Daga nan namiji guda ya tsaya tsakiya ya ɗaga tunduk bisa doguwar sanda mai baki biyu. Tunduk zobe ne babba na itace, da ƴan sanduna lanƙwasassu da suka gitta juna a tsakiyarsa, gefensa duk huji. Sauran mutane su riƙa cusa sandunan rufi cikin hujin, suna ɗaure gindinsu a bango. In an gama sai a kewaye da asabarin kara, a lulluɓe duka da kiyiz, gashin tumaki da aka yayyafa wa ruwan zafi, aka naɗe, aka tattaka har ya haɗe ya zama bargo mai kauri. Ba a kai awa biyu ba aka shimfiɗa tabarmi. Ba ƙusa ko guda. Sandunan kuwa tun suna ɗanye ake turara su a lanƙwasa, daidai da karin maganarmu.

Abin da na lura da shi, maza suna ɗagawa ne kawai, mai ba da umurni tsohuwa ce. Mahaifiyar abokina ta haura shekara 80, kowa Apa yake ce mata, wato inna. Ni da furfurata ce mini take balam, ɗana. Tana zaune bisa buhu tana nuna igiyar da ta yi sako-sako da bakin sandarta.

Cikin ɗakin komai da wurinsa. In ka shiga, hagu na maza ne, nan sirdi da linzami suke. Dama na mata ne, nan kwanoni da salkar nono. Murhu a tsakiya, ana hura shi da busasshen kashin dabbobi. Can ƙurya, daura da ƙofa, shi ne tor, mazaunin baƙo da dattijo, bayansa an jera barguna har kusan rufi. Ba a taka dokin ƙofa. An tarbe ni da shayi, da wani soyayyen ƙulli mai kama da fanke, da kurut, dunƙulen busasshen nono mai gishiri wanda ya tuna mini da cukun Abzin. Goɗiyoyi ake tatsa, kusan sau biyar a yini, sai an kawo ɗan ya fara tsotsa kafin uwar ta saki nono. Nonon ana zuba shi a salka a yi ta burgawa har ya yi tsami ya zama kimiz. Maburgin sunansa bishkek, ana kuma danganta sunan babban birninsu da shi. Na sha sabon tatsa, mai tsamin na bar musu don yana da ɗan ƙarfi, ba wanda ya ji haushi.

Da dare ana ja igiya a rufe tunduk da ƙyallen kiyiz, da asuba aikin farko na uwar gida shi ne ta buɗe shi. Na ɗakin Apa baƙi ne wuluk saboda hayaƙi. Da na tambayi shekarunsa, sai ta aje kofin shayi ta fara ba ni tarihi, ɗanta yana fassara mini da Rashanci.

Kafin Rasha

Kirgizawa tsohuwar al'umma ce. Littattafan Sin sun ambace su fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A shekarar 840 Kirgizawan kogin Yenisei, can cikin Siberiya, suka rushe daular Uigur. Daga baya aka san su a duwatsun Tiyan-Shan inda suke yau. Tarihinsu a baki suka riƙe shi, cikin doguwar waƙar jarumi Manas, wanda suka ce shi ya haɗa kan zuriya 40. Abin da aka rubuta daga bakin mawaƙi ɗaya tak, Sayakbai Karalayev, ya kai layi kusan 500,000. Zarruwan rana 40 da ke kan tutar nan su ne zuriyoyin.

Rayuwarsu hawa da sauka ce. Namu makiyayan ruwa suke bi, su yi arewa da damina su dawo kudu da rani. Su kuwa tsawo suke bi: da sanyi suna kwari a maɓoyar iska, ƙanƙara na narkewa su riƙa hawa har su kai jailoo, makiyayar bazara ta can bisa, da kaka su gangaro. Kowace zuriya ta san mashekarinta da hanyarta ba tare da takarda ba.

A farkon ƙarni na 19 sarakunan Kokand suka gina ganuwoyi a kwarurruka suna karɓar jangali. Ɗaya daga ciki ita ce Pishpek, 1825, tushen Bishkek ta yau. Sojan Rasha suka ci Pishpek a 1862, suka haɗiye Kokand a 1876. Bayan soja sai manoma. Aka riƙa kwaso talakawan Rasha da Yukren ana ba su filaye a kwarin Cui da kewayen tafkin Isik-Kul. Ma'aunan gwamnati sukan zo da bazara, su iske kwari ba kowa don masu shi suna bisa dutse, su rubuta cewa filin rara ne. Makiyayi ya gangaro da kaka ya iske mashekarinsa ya zama gona. Duk wanda ya zauna Dakoro ko Abalak ya san wannan magana ba sai an fassara masa ba.

1916

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 25 ga Yuni 1916, Sarkin Rasha Nikolas na Biyu ya sa hannu a dokar kwasar mazajen tsakiyar Asiya, daga ɗan shekara 19 zuwa 43, su je aikin ƙarfi a bayan fagen daga. Tura ta kai bango. A watan Agusta Kirgizawan arewa suka yi bore, suka auka wa ƙauyukan baƙin manoma, suka kashe mutane da yawa, har da mata da yara. Ramuwar da ta biyo baya ta ninka haka nesa ba kusa ba. Soja da manoma masu bindiga suka bi rugage suna ƙonewa. Jama'a suka kwashi abin da za su iya suka nufi ƙasar Sin ta mashigan da suka haura mita 4,000, irin su Bedel, ga sanyi ya fara sauka. Mutane da dabbobi suka yi ta zubewa cikin ƙanƙara. Wasu marubutan Kirgizawa suna kai adadin mamatan sama da 100,000. Suna kiran wannan shekara Urkun, kalmar da ake faɗa wa garke in ya firgita ya watse.

Surukar Apa tana ƴar shekara bakwai lokacin. Ta ba ta labari cewa a tsaye suka bar bukkarsu, tukunya bisa murhu. Da suka isa Sin ba su da sauran dabba, uban ya ba da ƙaramar ƴarsa ga wani gida a bakin ƴan mudun hatsi, don sauran su rayu. Ba a sake ganinta ba. Bayan faɗuwar sarautar Rasha a 1917 suka dawo a ƙasa, hannu rabbana. Tunduk ɗin da nake kwana ƙarƙashinsa shi ne na farko da gidan ya sake mallaka bayan dawowar. Wannan gado ne da ke bin ɗa namiji. A bakinsu, in aka ce tunduk ɗin wane ya faɗi, ana nufin gidansa ya mutu.

Da ta kai nan sai na tuna wani abu da ban taɓa haɗawa ba duk karatuna. A wannan shekara ta 1916, a watan Disamba, Kawusan ya kewaye barikin Faransa a Agadas, har zuwa Maris 1917. Cikin abubuwan da suka harzuƙa mutanen Ayar akwai ƙwacen raƙuma da haraji. Da Faransa ta karɓe garin aka kashe malamai da dama, aka kwashe dabbobi, Ayar ta kusan zama kango, mutanenta suka watsu zuwa kudu. Yaƙin Turai guda, ya taɓa makiyaya biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba. Na faɗa wa Apa. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko namu ma sun dawo. Na ce wasu sun dawo.

Jar bukka

Mulkin Sobiyet ya zo da abu biyu a hannu ɗaya, kuma wannan ne ya sa nake rubuta wa malamai da iyaye. A shekarun 1920 aka riƙa tura abin da ake kira jar bukka cikin makiyaya: boz-ui mai jar tuta, ciki da malami, ma'aikacin lafiya da mai wa'azin jam'iyya. Tana bin mutane inda suka sauka, tana koya wa manya da yara karatu, har da mata. Jaridar farko ta harshensu, Erkin-Too, ta fito a 1924, da haruffan Larabci, ajaminsu ke nan. A 1928 aka sauya zuwa haruffan Latin, a 1940 aka sake sauyawa zuwa na Rasha. Cikin shekara goma sha biyu, mutum ɗaya ya zama jahili sau biyu a harshen uwarsa, jika kuma ya kasa karanta wasiƙar kakansa. Mu da muke da ajami a soro da boko a lakwal mun ɗanɗani irin wannan rata, sai dai mu ba a hana mu ajamin da doka ba.

Daga 1929 makaranta ta daina bin mutane, aka ce mutane su zo su zauna. Aka kafa kolhoz, gandun haɗin gwiwa na gwamnati, aka tattara dabbobin kowa a ciki. Masu manyan garke aka ƙwace dukiyarsu aka kore su nesa. Da yawa suka gwammace su yanka dabbobinsu da su miƙa, garken ƙasar ya zube ƙwarai. A Kazakistan maƙwabciya, inda aka yi abin da garaje a fili mai faɗi, yunwar 1930 zuwa 1933 ta kashe mutum kimanin miliyan 1.5, waɗanda suka tsira wasunsu Kirgistan suka kwararo suna bara. Aka shata ƙauyuka masu miƙaƙƙun layuka, aka ce bukka alamar ci-baya ce.

Ƴan bokon farko ma ba su tsira ba. Kasim Tinistanov, wanda ya tsara haruffan Latin ɗin ya kuma rubuta littattafan nahawun harshen, an harbe shi a 1938. A watan Nuwamban shekarar aka harbe manyan ƙasar fiye da 130 aka zuba su rami guda kusa da Bishkek. Sai a 1991 aka tono su, wurin yanzu ana kiransa Ata-Beyit, makwancin iyaye. Cikinsu akwai mahaifin Cingiz Aitmatov, marubucin da ya fi kowa sanar da duniya Kirgizawa, wanda shi ma kiwon dabbobi ya fara karantawa. Yana da ɗan littafi kan malamin farko da ya buɗe makaranta a wani ƙauye a 1924, ya tsaya tsayin daka sai wata marainiya ta yi karatu. Akwai shi da Faransanci, ya dace kowane malami ya nema.

Me ya hana bukka ɓacewa? Dutse ne. Ba a noma a mita 3,000, ciyawar can kuwa sai an hau mata. Masko tana son ulu da nama, don haka dole kolhoz ta riƙa tura makiyaya jailoo kowace bazara, kuma ba a sami ɗakin da ya fi boz-ui dacewa da wurin ba. Makiyayi ya zama caban, ma'aikaci mai albashi, ana ƙirga masa tumaki a ba shi, a ƙirga ya maido. Aka yi hanyoyi da gadoji, manyan motoci na kai kaya, likitan dabbobi na zagayawa, ana kawo abincin dabbobi daga wasu jamhuriyoyi. A ƙarshen shekarun 1980 tumakin ƙasar sun kai kimanin miliyan 10, sun ninka mutane fiye da sau biyu.

Ƴaƴan caban kuwa makarantar kwana ake kai su. Abokina yana ɗan shekara bakwai aka sa shi a motar kolhoz. Ya ce daren farko ya kasa barci don bai taɓa kwana a ɗaki mai kusurwa ba. A can ya koyi Rashanci, ya iya lissafi, ya kai har jami'a. A can kuma ya koyi jin kunyar warin hayaƙi a rigarsa. A babban birni, wanda ake kira Furunze lokacin, makarantun da ke koyarwa da Kirgizanci ƴan kaɗan ne ƙwarai, yaran manyan ma'aikata da yawa suka tashi ba su jin harshen kakanninsu. Sai a 1989 aka mai da shi harshen hukuma. Amma a faɗi gaskiya: al'ummar da kafin 1917 masu karatu a cikinta tsiraru ne, ta wayi gari kusan kowa, mace da namiji, yana karatu da rubutu. Apa kanta ta yi aji bakwai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, mu da har yanzu muke fama da shi mun san nauyinsa.

Ranar da gwamnati ta janye

Kirgistan ta sami ƴancin kai ranar 31 ga Agusta 1991, aka kuma ɗaga tutar nan mai tunduk a watan Maris 1992. Cikin ƴan shekaru aka rushe kolhoz, aka rarraba dabbobi da filaye ga mazauna ƙauyuka. Malamin makaranta, direba, akawu, kowa ya sami ƴan tumakinsa. Amma babu abincin dabbobi daga waje, babu mota, babu allura, babu mai sayen ulu. Mutane suka yi ta musayar tunkiya da buhun gari. Kafin ƙarshen shekarun 1990 garken ya koma ƙasa da rabi. Gadojin zuwa jailoo suka karye, ciyawar nesa ta yi ta ruɓewa ba mai ci, ta bakin ƙauye aka cinye ta har ƙasa.

Abokina, da takardarsa ta jami'a, ya yi watanni ba albashi. Ya ce mini abin da ya ciyar da gidansu a waɗannan shekaru bai fito daga littafi ba. Apa ce ta fito da tsohon tunduk daga rumbu, ta tara surukanta mata ta koya musu yin kiyiz da shirdak, dardumar ulu mai zane, suna sayarwa. Ita ta san yadda ake busar da nono ya kai bazara, da ganyen da ake ba ɗan rago mai zawo. Mijinta, kafin rasuwarsa, shi ya nuna wa matasa tsohuwar hanyar hawa da dawaki, da inda kakanni ke sauka, da inda kyarkeci ke laɓewa. Ilimin da makaranta ta kira ci-baya shi ya tsaya lokacin da albashi ya gudu.

Amma Apa ba ta yarda a bar maganar nan ba. Ta nuna ɗanta da haɓa ta ce, shekarar da ciwon ɓari ya shiga garke har ya kama mutane ta nono, wa ya gane shi, wa ya sa aka ware marasa lafiya aka riƙa dafa nono? Kuma da aka yi dokar makiyaya ta 2009, wadda ta danƙa kula da filayen kiwo ga kwamitocin masu kiwo na kowace gunduma, wa ya iya karanta taswira ya hana a cinye musu mashekari? Ta ce ɗa ɗaya ta bayar, ya dawo mata da ido na biyu.

Yau da gobe

Yanzu masu hawa jailoo kaɗan ne. Maƙwabta sukan haɗa dabbobinsu su ba makiyayi guda, suna biyan kuɗi a kan kowane kai duk wata, kamar yadda manomanmu ke ba Fulani kiwo. Wasu gidajen suna karɓar ƴan yawon buɗe ido. Bisa rufin Apa akwai faifan hasken rana na cajin waya. Matasa da yawa suna Rasha suna ƙwadago, akwai shekarun da kuɗin da suke aikowa ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na arzikin ƙasar. Yaran da na iske a rugar, rabinsu iyayensu suna Masko. A kasuwa ana sayar da bukka mai ƙarfe ƴar Sin, mai araha. A 2012 UNESCO ta sa sana'ar shirdak cikin jerin al'adun da ke buƙatar ceto na gaggawa, a 2014 kuma ta karrama sana'ar haɗa bukkar kanta. Duk da haka, har a tsakiyar Bishkek, in aka yi rasuwa sai an kafa boz-ui a gindin bene, a cikinta ake aje mamaci, mata su zauna makoki.

Abu ɗaya ya taimake su. Makarantunsu na rufewa a ƙarshen Mayu su buɗe 1 ga Satumba, daidai da watannin jailoo. Yaro yana aji wata tara, yana bisa doki wata uku. Wasu ƙungiyoyi ma sun fara kafa ajin ƙananan yara cikin bukka a can bisa dutsen. Wata jikar Apa ƴar shekara 12 ta tatsi goɗiya a gabana, ta juya ta yi mini lissafin kuɗin kurut a waya. Ƙanenta kuma ya tsaya ya jero mini sunayen kakanninsa bakwai, don a wurinsu wajibi ne yaro ya san su. Ya ce in faɗi nawa. A na huɗu na tsaya. Yaron ya dube ni da tausayi.

Namu gida

Ba na cewa mu kwafi Kirgistan. Su ƙanƙara ke korarsu, mu fari ke korarmu. Babban hutunmu ya dace da tafiyar damina zuwa Ingal, amma wahalar makiyayinmu ta rani ce, lokacin bin rijiyoyi, kuma wannan tsakiyar shekarar karatu ne. Shi ya sa lakwal mai ciyarwa a yankin makiyaya ba alfarma ba ce, in babu ita babu karatun. A takarda muna da dokoki: ta 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, da ta 2010 da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Amma duk mun ga burtalin da ya zama gona, mun kuma ga waɗanda farin 1973 da na 1984 ya mai da masu gadi a ƙofar gidajen Yamai.

Abin da ke hannun malami shi ne abin da yake faɗa a aji. Na sha jin ana ce wa ɗan makiyayi ɗan daji a gaban ƴan uwansa, ana dariyar Hausarsa. Yaron nan zai yi ɗayan biyu: ko ya gudu ya bar karatu, ko ya zauna ya koyi ƙyamar iyayensa. Duka biyun asara ce gare mu. Yaron da ya san sunan ciyawa talatin, ya san rijiya daga rijiya, ya shigo aji da ilimi a hannu. A sa shi ya zana wa ƴan ajin hanyar garkensu a allo, darasin labarin ƙasa ke nan. A gayyato tsohuwa ta nuna yadda ake kafa bukkar tabarma. In an zo kan Kawusan, a ƙara da Urkun, yara su san abin bai tsaya kanmu kaɗai ba.

Iyaye kuma, musamman mu da muka yi boko muka zauna birni, kada mu jingina wa malami abin da ba ya cikin littafinsa. Tun da na dawo na bi dattawan danginmu, yanzu na kai kaka na shida, kuma jikokina sun haddace su. Hutun bana ƙauye na tura su, su yi noma su ɗebo ruwa.

Ranar da zan sauko, Apa ta cika mini aljihu da kurut, ta shafa addu'a, ta ce in gaida mutanen Kawusan. Malamin da ya kawo mini tuta na ce masa ya koma ya faɗa wa yara cewa ƙololuwar ɗakin makiyayi ce, ta nan hayaƙi ke fita, ta nan haske ke shiga. In sun tambayi dalilin da ya sa ƙasa guda ta ɗora ta a tuta, ya ba su labarin daga 1916.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuriya.